Shanya a Bakin Kwalta

A rumfar shayin Nitai maganar ta fara iske Tofazzal, kuma da a gida ta same shi da abin bai yi masa zafi haka ba. Ana cikin watan Boishakh, watan zafi a lissafin mutanen yankin, an fara yankan shinkafa, rumfar cike take da maza masu jiran rana ta ɗan sassauta. Jobbar direba, mai jan bas tsakanin kasuwar Notunhat da birni, ya tsaya kurɓar shayi, ya hango Tofazzal a ƙarshen benci, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baffa, ashe kun sayi titin nan ba ku gaya mana ba? Ai da mun zo taya murna."

Aka fara dariya tun ba a san inda ya dosa ba. Sannan ya zayyana. Wai jiya ya biyo bayan Shiuli, 'yar Tofazzal, tun daga injin casa, tana kan kekenta a tsakiyar hannunsa, ya danna hon har kwandastansa ya toshe kunne, yarinya ko gezau. Wai sai da ta ga dama ta koma gefe, ta ɗaga masa hannu ya wuce, sai ka ce 'yar sandan hanya. Ya kwaikwayi ɗaga hannun, har shayi ya zube masa a riga.

Mofiz, yayan Tofazzal, bai yi dariya ba. Shi dama tun farko bai so a koya wa 'ya mace keke ba. Ya tofar da jan yawun pan, ganyen nan da ake taunawa kamar goro, a gefe, ya ce shi dai ya faɗa tun ranar da aka ɗora ta a kan sirdi, ba a ji ba. Yau ga shi tana tsare wa manya hanya, gobe kuma Allah kaɗai ya san wa za ta tsare.

Tofazzal ya shanye shayinsa da zafinsa ya tashi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, domin shi da hannunsa ya koya mata. Shi ya riƙe mata kariyar keken yana gudu a bayanta a filin makaranta har zanensa na lungi ya kusa kwancewa, kuma a lokacin nan ya ja da yayansa a kanta, abin da bai taɓa yi ba. Ban da haka, a duk ƙauyensu na Shalbari ba wanda zai koya wa Tofazzal keke. Tun yana saurayi yake takawa, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: keke a gefe yake tafiya, can bakin kwalta ta hagu, hannun da ake bi a ƙasar, inda taya ke shafar ciyawa. Mai mota ya fi ka ƙarfi, ya fi ka sauri, sai ka tsuke ka ba shi wuri. A wurinsa wannan ladabi ne kafin ya zama dabara. Haka yake zama a ƙarshen benci, haka yake tsayawa a ƙarshen sahu, haka kuma yake tuƙi.

Shiuli ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin Notunhat. Aikinta zagaya ƙauyuka da jakarta, ta duba masu juna biyu, ta yi wa jarirai rigakafi, kuma duk wadda aka ɗauka wannan aiki da sharaɗin tana da keke aka ɗauke ta. Da yamma ta shigo gida ta jingine keken a jikin bishiyar mangwaro, ta tarar da ubanta zaune a kan kujera yana jiranta, ko fitila bai kunna ba.

Bai yi mata tsawa ba, ba halinsa ba ne. Ya tambaye ta ko gaskiya ne abin da Jobbar ya faɗa. Ta ce gaskiya ne. Ta tsuguna kusa da ƙafarsa ta yi masa bayani a hankali. Inda titi ke da faɗi kuma gefe ba komai, a gefe take tafiya, amma ba a kan ciyawa ba, tana barin wa kanta ɗan wurin kaucewa. Inda kuwa aka yi shanya, ko wajen kwalbatin nan da bas da keke ba sa wucewa tare, tun daga nesa take waiwayawa, ta miƙa hannu, ta shiga cikin hanya sosai, ta miƙe sak har ta wuce, sannan ta koma ta ba su wuri.

"Abba," ta ce, "waɗanda ake kawo mana a asibiti ba a tsakiyar titi aka buge su ba. Duk a gefe suke, suka zo kan shanya ko rami suka fito kwatsam. In na maƙale a gefe, direba cewa yake na ba shi hanya, sai ya matse ni. In ina gabansa, dole ya gan ni."

Tofazzal ya ce ita da aka haifa jiya ce za ta gaya masa yadda ake raba hanya da mota? Shi da ya tsufa a kan sirdi bai taɓa ko ƙujewa ba. Ya ce ta yi masa alkawari daga gobe za ta koma gefe kamar kowa. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin da ta san ba za ta cika ba. Wannan gaskiyar tata ta fi ƙarya ɓata masa rai. Ya tashi ya shiga rumbu, ya ɗauko sarƙar da ake ɗaure saniya da ita, da kwaɗon ƙofar rumbun, ya ɗaure tayar keken da jikin mangwaron. Makullin ya ƙulle shi a bakin lunginsa, a ƙugu, inda yake ƙulle kuɗin kasuwa.

Morjina, matarsa, tana bakin murhu tana ji. Sai da ta zuba masa shinkafa da dal, miyar waken nan tasu, sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Baban Shiuli, rumbun kuma da me za a kulle shi? Ko ɓarayin shinkafa ma yayanka ya ce su yi ladabi?"

Ya ci gaba da cin abincinsa.

Kwanakin da suka biyo baya Shiuli da ƙafa take fita. In ta yi sa'a ta samu amalanken keke mai zuwa kasuwa, amma lokacin girbi ne, duk amalanken garin yana gona ana loda masa dami. Takan dawo bayan magariba, ƙafafu sun yi futu-futu, ba ta zaga rabin gidajen da ya kamata ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi da abinci ba, tana gaishe shi safe da yamma kamar kullum, abin da ya ƙara damun sa ke nan. Ranar Alhamis shugabar asibitin ta gaya mata a fili cewa matan ƙauyukan nan ba za su daina haihuwa don kekenta na ɗaure ba. Ko ta zo da keke ranar Lahadi, ko ta kawo jakar a ba wata. Shiuli ta faɗa wa uwarta, uwarta ta faɗa wa Tofazzal, shi kuma ya ce maganar ai a hannunta take, kalma ɗaya ce za ta faɗa ya kwance. Da dare ya kan taɓa ƙullin nan na ƙugunsa ya ji nauyinsa, amma da safe in ya wuce rumfar Nitai ya ga yayansa na gyaɗa masa kai, sai ya ji ya yi daidai.

To, mu mutanen Shalbari, Allah ya shirye mu, ba mu da bakin zagin mai keke ko mai mota a watan Boishakh. Hadari kan sauko da yamma ya mayar da tsakar gida taɓo, don haka kowa kwalta yake kai shinkafarsa. A turara ta da asuba, a kwaso a kwando, a baje a gefen titi, mata su yi ta bin ta da ƙafa suna juyawa. Don kada mota ta hau, sai a jera jan bulo da kututturen ayaba a bakin shanyar. Kowa yana cewa ɗan gefe kawai ya ci, amma ɗan gefen nan kullum ƙara faɗi yake, musamman in rana ta yi kyau. Kuma ba mai keken da zai ɗora taya a kan shanyar wani. Abinci ne, ga tsantsi, ga bakin matan da ke gadinta. Tofazzal ma nan yake shanya tasa, a gaban gidansa, da bulonsa da ya ɗebo daga tsohuwar katanga.

Ranar Asabar da hantsi ya hau tsohon kekensa ya tafi Notunhat sayen buhuna. Shiuli ba ta fita ba, tana taya uwarta juya shanya, ta riga ta wanke jakar aikin ta rataye, tana jiran gobe ta mayar. Rana ta buɗe tarwai, Morjina ta ga ba hadari, sai ta ƙara kwanduna biyu, ta tura bulon cikin titi kaɗan don shinkafar ta samu sarari. Ba wani abu ba ne, kowa na yi.

Yana dawowa, buhuna ɗaure a kariya, yana bin bakin kwalta yadda ya saba. Ya kauce wa shanyar gidan Nitai ya koma gefe, ya kauce wa ta gidan liman ya koma gefe, fita da shiga, fita da shiga, yadda ya yi shekara da shekaru. Ya ji ƙugin bas a bayansa, sai ya ƙara tsukewa, har feda na shafar ciyawa, don direba ya san an ba shi hanya. Direban kuwa ya karɓa, ya taka mai. Daidai nan Tofazzal ya iso shanyar gidansa, ya tarar bulon ba inda ya ajiye shi da safe yake ba. Bai waiwaya ba, domin bai taɓa waiwayawa ba. Ya karya kan keken dama don ya kauce wa shinkafarsa.

Iskar bas ɗin ya fara ji a kunnensa, sannan jikin motar ya shafi hannun keken. Ya fizgo hagu, tayar gaba ta daki bulon, ya tashi sama ya faɗo cikin shinkafar, ƙaurinsa ya sauka a kan kaifin wani bulon. Birki ya yi ƙara mai tsawo, kajin da ke satar shanya suka watse.

Jobbar ne. Ya diro daga mota fuskarsa ta yi fari fat. Da ya ga tsohon ya tashi zaune yana kakkaɓe shinkafa daga gemu, tsoron nasa ya juye faɗa.

"Baffa, kashe ni za ka yi? Ka lafe a gefe, na ce ka ba ni hanya, sai kawai na gan ka a ƙarƙashin madubina. 'Yarka tana cin raina, wallahi tana ci, amma tun daga injin casa nake sanin inda za ta bi."

Tofazzal ya ce ba komai, ƙujewa ce, ya tafi da fasinjansa. Ya faɗa har sau uku, cikin murya irin ta wanda ba ya son a ƙara kallon sa, sai Jobbar ya hau motarsa ya nufi birni a hankali. Ba ƙujewa ba ce. Da Shiuli ta ɗage bakin lungin, naman ƙaurin ya buɗe, jini na bin ƙafar yana ɗiga a kan shinkafar da aka kusa gama busarwa. Morjina ta dafe kai tana cewa ita ta matsar da bulon, ita ta matsar. Shiuli ta ce mata ta bar wannan, ta kawo jakar da ke rataye. Da aka kawo, Shiuli ta wanke ciwon, ta danne, ta naɗe shi tam da bandeji, ta ce wannan sai ɗinki, kuma yanzu, kafin ya kumbura.

Aka duba titi sama da ƙasa, ba amalanke ko ɗaya, duk suna gona. Keken Tofazzal na kwance, tayar gaba ta lanƙwashe. Ba wanda ya ambaci ɗayan keken. Morjina dai ta juya ta dubi bishiyar mangwaro, ta daɗe tana dubanta. Tofazzal ya zauna cikin shinkafarsa yana kallon jinin da ya fara ɓullowa ta bandejin. Can ya kai hannu ƙugu, ya yi ta fama da ƙullin, don ya ɗaure shi da ƙarfi, har ya kwance.

"Na yau ne kawai," ya ce.

Shiuli ta karɓi makullin da hannu biyu, ta nufi bishiyar mangwaron.

Rabon da a goya Tofazzal a keke tun yana yaro. Ya zauna a kariya a karkace, ƙafar mai ciwo a miƙe, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen ƙarƙashin sirdi. Ya ji kunya ƙwarai, dattijo mai furfura 'yarsa na taka shi a gaban gari da rana tsaka. Amma ba kunyar ce ta fi damun sa ba. Daga inda yake zaune, bayan titin yake gani, abin da mai keke irinsa bai taɓa tsayawa ya kalla ba, kuma abin da ya hango babbar mota ce ɗauke da yashi, tana tahowa tana girma.

Shanyar gidan liman, wadda ta ci gefen titin duka biyu, na gaba, da sauran tazara. Ya ji jikin Shiuli ya juya ta waiwaya, ya ga hannunta na dama ya miƙe, sannan keken ya fara barin gefe a hankali, ba fizga, har ya daidaita a inda tayar mota ke bi. Direban yashin ya saki hon. Tofazzal ya ƙanƙame ƙarfen sirdin. Bakinsa ya buɗe zai ce ta koma, ta koma don Allah, amma ina za ta koma, ga bulon liman a jere. Ya runtse ido ya yi salati. Sai ya ji ƙarar injin ta canza, direban ya sauke giya. Da ya buɗe ido motar na bayansu, tana tafe a hankali, har yana ganin direban yana zagi yana dukan sitiyari, amma tsakaninsu da ita akwai fili wanda saniya za ta kwanta a ciki. A duk shekarunsa na tuƙi mota ba ta taɓa bar masa fili haka ba. Kullum a kafaɗarsa suke wucewa, shi kuma yana ɗauka haka hanya take.

Da shanyar ta ƙare Shiuli ta sake waiwayawa, ta koma hagu, ta ɗaga hannu. Motar ta buɗe sosai ta wuce su, yaron motar ya leƙo ya faɗi wata magana da ba ta da daɗin maimaitawa. Shiuli ko kallon sa ba ta yi ba, numfashinta kawai Tofazzal yake ji, domin ubanta ba ƙaramin mutum ba ne.

"Na yi miki nauyi, uwata," ya ce.

"Riƙe da kyau, Abba."

Rumfar Nitai na nan kafin kwalbatin Notunhat, kuma labari ya riga su isa. Maza sun fito bakin rumfa da kofunansu. Mofiz na gaba, hannu a baya. Tofazzal ya so ƙasa ta tsage. Ya ga yayansa ya dubi bandejin, ya dubi Shiuli, ya dubi keken da kowa ya san an ɗaure, ya buɗe baki. Ba a ji abin da ya faɗa ba, don wata bas ta taho daga baya tana hon, ga kuma kwalbatin a gaba, siriri, da karyayyen bakinsa na siminti.

Shiuli na fama da ɗan hawan da ke kafin kwalbatin, ta tashi tsaye a kan feda, hannayenta biyu a kan keke, ba halin ta saki ɗaya. Tofazzal ya ga haka. Ya dubi bas ɗin, ya dubi mutanen rumfa, sannan ya saki ƙarfen sirdin, ya gyara zama, ya miƙa hannunsa na dama cikin titi iya tsawonsa, tafin a buɗe, yadda Jobbar ya kwaikwaya ana dariya.

"Shiga sosai," ya ce mata. "Bai gan mu da kyau ba."

Ta shiga. Bas ɗin ta rage gudu ta biyo su a baya har suka haye, hannun Tofazzal na miƙe, bai sauke shi ba sai da suka wuce kwalbatin da nisa. Bai juya ya ga fuskar yayansa ba.

A asibiti shugabar da kanta ta yi masa ɗinkin, tana yi tana faɗan masu shanya a titi, shi kuwa bai gaya mata shanyar wa ya faɗa ciki ba. Ta hango keken a jingine a bakin taga, ta dubi Shiuli, ta ci gaba da ɗinkinta. Da aka gama aka bar shi ya huta a benci a baranda, ƙafar a kan kujera. Shiuli ta zo ta tsuguna kusa da shi kamar yadda ta tsuguna ran nan a gida. Ta kwance bakin gyalenta, ta fito da makullin, ta miƙa masa da hannu biyu, tunda na yau ne kawai aka ce.

Tofazzal ya dubi makullin, ya dubi titi, inda wani tsoho mai keke ke wucewa a lafe a bakin kwalta. Ya ce hannunsa ciwo yake yi, ba zai iya ƙulli ba, ta riƙe a wurinta. Sarƙar kuma ta mayar wa uwarta, saniya na bukata.

Ƙafa aka ɗinke masa. Hannun lafiyarsa ƙalau, kuma su biyun sun sani. Shiuli ta mayar da makullin bakin gyalenta ta ƙulle, ta tashi ta tafi karɓo masa magani.